Murmushin sabon shiga da idon tsohon hannu a cikin jirgin sama

Duk wanda ya saba zuwa tarbar matafiya a filin jirgin saman Diori Hamani ya san hirar da ake yi a mota kafin a isa gida. Bayan barka da sauka da tambayar gajiya, sai zance ya gangaro kan ma'aikatan cikin jirgi. Hajiyar da ta dawo sarin kaya daga Istambul za ta ce yaran nan sababbi sun iya karɓar mutane, ko sau uku ka roƙi ruwa za su kawo da fara'a, amma manyan da suka daɗe fuskarsu a ɗaure take kamar an yi musu dole. Dattijon da ya yi zamanin Air Afrique kuwa sai ya girgiza kai ya ce aikin ya mutu tun ranar da kamfanin ya durƙushe a 2002, na yanzu yara ne masu haddar takarda. Kowannensu ya faɗi abin da ya gani. Sai dai dukansu da fuska da farantin abinci suke awo, kuma wannan tiya ta yi wa aikin kaɗan.

Ni matsayina a bayyane yake. Tsohon hannu ya fi sabon shiga a abubuwan da ke da nauyi, muddin akwai mai sa masa ido. Kamfanin da ke sallamar tsofaffin ma'aikatansa don ya cike gurbinsu da masu araha yana rage wa fasinja wani abu da fasinjan ba zai gane ya rasa ba sai ranar da ta ɓaci.

A fara da dalilin da ya sa ake sa su cikin jirgi. Ba shayi ya kawo su ba. Ƙa'idar da yawancin ƙasashe ke bi ita ce ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50. Boeing 737-800 mai kujeru 189 ba ya tashi sai da mutum huɗu, ko da ba za a raba wa kowa ko kofin ruwa ba. Kuma kafin a yarda wani samfurin babban jirgi ya fara ɗaukar mutane, sai an tabbatar za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofin kawai. Waɗannan mutum huɗun su ne masu buɗe ƙofa, masu kashe wuta, masu jinya har a sauka. Rabon abinci ƙari ne da kasuwa ta ɗora musu.

A takarda, sabo da tsoho daidai suke. Horon farko yakan ɗauki mako huɗu zuwa takwas: kashe gobara cikin hayaƙi, buɗe ƙofa a yanayin gaggawa, sauka kan ruwa, taimakon farko, sannan hidimar fasinja. Bayan haka kowa, ko shekararsa talatin a aiki, sai ya koma aji duk wata goma sha biyu an sake gwada shi. Saboda haka ba a sanin ƙa'ida bambancin yake ba. Yana wajen lissafin lokaci, da karantar mutane, da ƙarfin halin buɗe baki, abubuwan da aji ba ya iya koyarwa cikin wata biyu.

Ɗauki tafiyar awa ɗaya da rabi, kamar daga Yamai zuwa Lome, da fasinja 150. Minti goma zuwa sha biyar na farko kowa a ɗaure yake, jirgi na hawa. Rabin awa na ƙarshe na shirin sauka ne: a kwashe shara, a miƙar da kujeru, a rufe tebura, a kulle komai a madafa. Abin da ya rage bai wuce minti 45 zuwa 50 ba, kuma cikinsa za a raba, a bar mutane su ci, a kwashe. In keken abinci biyu ne, kowanne na da mutum 75. In rabon zai ƙare cikin minti 25, kowane fasinja daƙiƙa 20 ya samu. Sabuwar ma'aikaciya takan tsaya ta tambayi mutum me yake so, shi kuma ya fara tunani, ya tambayi na kusa da shi, ya ce a nuna masa. Ta manta sukari, ta koma madafa. Ta bai wa layin gaba duk kazar da suka nema, kafin ta kai tsakiya kaza ta ƙare, sauran rabin jirgi sai kifi, ga gardama ta tashi. Wadda ta daɗe ta riga ta ƙirga kaza nawa kifi nawa tun jirgi na ƙasa. Ta san abinci na buƙatar kamar minti ashirin a murhu, don haka ta daidaita kunnawa yadda zai yi zafi daidai lokacin da fitilar bel ta mutu. Ta fitar da abincin masu ciwon sukari da na yara ta kai da hannu kafin keke ya tare hanya. Tambayarta gajera ce, kaza ko kifi, tana yi hannunta na kan faranti. Fasinja ya ji kamar an gaggauta shi, ya ce ba ta da fara'a. Amma saboda wannan gaggawar ne mutumin kujerar ƙarshe, kusa da ban ɗaki, ya ci abinci da zafinsa kafin a ce a rufe tebura.

Kuma keken nan ba abin wasa ba ne. In ya cika yana iya kusantar kilo 100. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, hadarin yankinmu kan taso a jere kamar bango, jirgi ya shiga gargada ba shiri. Tsohon hannu yana jin motsin farko a tafin ƙafarsa, ya taka birki, ya sauke butar shayi ƙasa, ya mayar da keke madafa ya kulle, ko da saura layi biyar ba su samu ba. Sabo yakan so ya ƙarasa, don kada a ce ya bar mutane da yunwa. A watan Mayun 2024 wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa irin wannan girgiza ana tsakiyar rabon karin kumallo, mutum ɗaya ya rasu, gommai suka ji rauni. Wanda ya fasa ba ka shayi don ya ga alamar gargada, hidima ya yi maka.

Sai karantar mutane, kuma a nan ne tazarar ta fi faɗi. Gaisuwar bakin ƙofa da fasinja ke ɗauka ladabi ne kawai, bincike ce. Cikin daƙiƙa biyu ko uku ma'aikaci na duban tafiyar mutum, da numfashinsa, da launin leɓɓansa, da ƙarfin jikinsa. Wa ke haki daga hawan ƴan matakala? Wace mai ciki ce cikinta ya tsufa? Wa ke warin giya? Wa za a iya zaunarwa kusa da ƙofar gaggawa, wanda zai ji umarni ya kuma iya ɗaga ƙofa mai nauyi? Sabo yana kallon takardar shiga jirgi. Tsoho yana kallon mai takardar.

Dalilin muhimmancin wannan a jiki yake. Yamai tana bisa tudun da bai fi mita 200 da ɗoriya ba daga teku. Cikin jirgi kuwa, in ya kai ƙololuwar tafiyarsa, iskar da ake shaƙa daidai take da ta tsaunin mita 1,800 zuwa 2,400, wato kusan saman dutsen Bagzam ko fiye. Oksijin na jini ya ragu, iska a bushe take ƙwarai, iskar cikin hanji da kunne ta kumbura. Mai lafiya ba ya ji. Amma dattijon da ya wuni cikin zafin Afrilu mai wuce digiri 40, ya yi awa uku a layin awon kaya, ya ƙi shan ruwa don tsoron fitsari a hanya, shi ne zai miƙe zuwa ban ɗaki ya yanke jiki ya faɗi. Suma ita ce kan gaba a larurorin da ke aukuwa cikin jirgi. Sabon ma'aikaci ya san matakan sarai: a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafu, a sassauta tufafi, a kawo kwalbar oksijin, a tambaya ko akwai likita. Tsohuwar ma'aikaciya kuwa ta lura da shi tun a ƙofa. Kafin a rufe ta je ta durƙusa gefen kujerarsa da kofin ruwa ta ce, "Baba, a daure a sha wannan, ban ɗaki na nan kusa, ni zan raka ka." Sumar ba ta auku ba, don haka ba wanda ya ga aikin da ta yi, ba kuma wanda zai ba da labarinsa a mota. Haka nan ga yaro mai emasi, wato ciwon sikila, wanda ƙarancin oksijin da bushewar jiki da sanyi kan tayar masa da ciwo: wadda ta taɓa gani za ta kawo bargo da ruwa tun kafin uwarsa ta roƙa. Jaririn da ke tsala kuka lokacin sauka, kunne ne ke ciwo, sai ta raɗa wa uwar ta ba shi nono, haɗiya ke buɗe kunnen.

Jirgin alhazai shi ne babbar jarrabawa, kuma shi ya fi shafar mu. Mutum ɗari uku ko fiye, akasari dattawa, da yawansu daga ƙauyukan Tawa da Maraɗi da Damagaram da Doso, ba su taɓa shiga jirgi ba, ba sa jin Faransanci balle Turanci ko Larabci, ga tafiyar awa biyar ko fiye. Sanarwar da ake karantawa a lasifika ba ta isa kunnen kowa. Dole a bi layi layi a ɗaura wa mutane bel da hannu, sannan, abin da sabo kan manta, a nuna musu yadda ake kwance shi, domin maƙullin ɗagawa ake yi, kuma wanda ya firgita yakan yi ta danna shi kamar na mota. Ban ɗaki ma darasi ne mai zaman kansa. Ƙofar naɗewa take, fitila ba ta cika haske sai an ja sakata, ƙarar zuƙar masai na tsorata wanda bai sani ba. Alhaji zai shiga da niyyar alwala kamar yadda ya saba a gida, ya wanke ƙafa a kwamin wanke hannu, ruwa ya malale ƙasa. Ruwan tankin jirgi ƙididdigagge ne, wanda ya zube kuma yana sa santsi, yana iya bin ƙasan daɓe inda wayoyin lantarki suke. In aka jefa ƙyalle ko leda a masai ya toshe, an rufe wannan ban ɗakin ke nan har a sauka, mutum ɗari su koma layi a ƙofa ɗaya. Ma'aikatan da suka yi jigilar hajji shekara da shekaru sun san maganin: mutum ɗaya ya tsaya bakin ban ɗakuna tun daga farko yana nunawa, a nemi malamin da ke cikin tawaga ya yi wa jama'a bayanin alwala mai sauƙi da taimama da salla a zaune, kada a tare hanya ko bakin ƙofa da sahu.

Akwai kuma abubuwan da sai wanda ya zauna da alhazai ke sani. In Jidda jirgin zai sauka, sai a sanar da kusantar miƙati da sauran lokaci, a kuma maimaita, don mai canza tufafi ya samu sarari. Bayan an ɗauki harami ba a raba ƙyallen goge hannu mai turare. Namijin da ke cikin harami zai ji sanyi ƙwarai, bargo yake so a kafaɗa, ba a rufa masa a kai ba. Hajiyar da ta ƙi cin abinci, wataƙila ba ƙoshi ba ne, ba ta san yadda ake ɓare murfin ba ne kuma tana jin kunyar tambaya. Mai ciwon sukarin da ya yi allurarsa sannan abinci ya makara, zufa da rawar hannu da ruɗewar magana za su nuna, ruwan zaƙi yake buƙata nan take tun yana iya haɗiya. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke bayyana a murmushi. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a jirgin hajji maganar nan ba karin magana ba ce kawai.

Ɗaure fuskar da ake zargin manya da ita ma tana da asali. A 1985 wani jirgi ya kama wuta a filin Mancesta a Ingila tun bai bar ƙasa ba, mutum 55 suka rasu, akasari hayaƙi ya kashe su suna cunkushe a hanyar fita. Gwaje-gwajen da aka yi bayan haka a jami'ar Cranfield sun nuna ma'aikatan da ke daka tsawa, suna jan mutane suna tura su, sun fi masu lallashi saurin kwashe jirgi. A Janairun 2009, da jirgin US Airways ya sauka kan kogin Hudson a Amurka, mutum 155 suka fita da rai, kuma mata ukun da ke aikin cikinsa kowace ta haura shekara 25 a bakin aiki. A Janairun 2024 a filin Haneda na Tokiyo, jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi ya kama wuta. Lasifika ta mutu, ƙofa uku kawai cikin takwas suka buɗu lafiya, amma ma'aikata suka fitar da mutum 379 da murya da ƙahon magana, ba wanda ya tsaya ɗaukar jaka. Wadda ta ce maka cikin kakkausar murya ka mayar da jakarka ƙarƙashin kujera, wannan muryar ce za ta yi amfani da ita ranar hayaƙi, kuma ana so ka saba bin ta tun ana lafiya.

To amma daɗewa na da tata cutar, kuma ba zan rufe ta ba. Sabo turken wawa, in ji Hausawa. Wanda ya duba kwalbar kashe wuta sau dubu ya same ta lafiya, wata rana zai daina duba allurar matsinta da hatiminta, ya leƙa kawai ya ga tana nan. Wanda ya saba, yakan daina leƙa ban ɗaki a kai a kai don neman hayaƙi ko guntun taba a kwandon shara. Ƙofa ce ta fi nuna wannan. Kowace babbar ƙofa na da abin zamewa na roba a naɗe, wanda ma'aikata ke kira tobogan. Kafin tashi ana ɗana shi, bayan sauka ana kwance shi. A 737 da hannu ake yi: a sunkuya a ɗauki sandar ƙarfe a maƙala ta a ƙugiyoyin daɓe, a gitta jan ƙyalle a tagar ƙofa don na waje su san a ɗane take. A jiragen Airbus wani mariƙi ne a jikin ƙofar ake turawa. In aka buɗe ƙofa daga ciki ba a kwance ba, robar ta cika da iska cikin kamar daƙiƙa shida, da ƙarfin da zai iya halaka ma'aikacin ƙasa da ke tsaye kan matakala. Ko ba a ji wa kowa ciwo ba, wannan ƙofa ta fita daga lissafi, sai a rage fasinjoji ko a jira gyara, kuma a filin da ba a ajiye irin kayan, jiran na iya zama kwana. Shi ya sa doka ta ce kowa ya yi tasa ƙofar, sannan ya je ya duba ta abokinsa da ido, ya faɗa da baki. Sabo yana yin haka yana nunawa da yatsa kamar ɗalibi. Tsohon da ya gaji, wanda jiya ya yi aiki a wani samfurin jirgi yau yana wani, ga fasinja na yi masa magana, shi ne zai amsa "an duba" daga inda yake tsaye.

Sababbi sun fi kusa da littafi, kuma littafin yana canzawa. Wutar batirin waya da na cajin waya ba ta cikin manyan darussan masu horon shekaru talatin da suka wuce. Yau ita ce abin tsoro: in harshen wuta ya tashi a kashe shi da kwalba, sannan a yi ta kwarara ruwa don batirin ya huce, ba a sa ƙanƙara ba, ba a lulluɓe shi ba, domin zafin da ya taru a ciki ne ke sake tayar da shi. In waya ta faɗa cikin ƙarafan kujera, kada a motsa kujerar. Yaron da ya fito aji watan jiya yana da wannan a kan harshe. Yana da ƙarfin jiki, yana da haƙurin amsa tambaya ɗaya sau goma, bai kuma riga ya yanke wa fasinjojin wata hanya hukunci ba. Wannan na ƙarshe yana yi mini ciwo, domin akwai tsofaffin ma'aikatan da ke shiga jirgin Afirka ta Yamma da shirin faɗa tun kafin su ga kowa: sun ƙudurta cewa za a zo da kaya fiye da kima, ba za a zauna a kujerar da aka rubuta ba, za a miƙe kafin jirgi ya tsaya. Ko da wasu na yin hakan, raini ba gwaninta ba ne. Wanda ya ce wa dattijuwa "ke, zauna" a gaban jikokinta ya gaza a aikinsa, ko shekararsa nawa.

Mafi haɗarin raunin sabo kuwa shi ne shiru. A Janairun 1989, kusa da Kegworth a Ingila, injin hagu na wani Boeing 737 ya lalace, matuƙa suka kashe na dama bisa kuskure. Kumandan ya sanar cewa matsalar a dama take. A baya akwai ma'aikata da fasinjojin da suka ga wuta na fita daga hagu, ba wanda ya kai maganar ɗakin matuƙa, kowa na ganin ai su sun fi sani. Mutum 47 suka rasu. Irin wannan ne ya sa yanzu ake haɗa matuƙa da ma'aikatan ciki a horo ɗaya, a koya wa ƙarami ya faɗi abin da ya gani, a koya wa babba ya saurara. Mu da aka rena da kunya da girmama na gaba, wannan darasi ya fi yi mana wuya. Yarinya ƴar shekara ashirin da biyu da ta ji ƙauri a bayan jirgi, sai ta yi ta shawara da zuciyarta ko ta ɗaga waya ta kira shef, wato shugabar ma'aikatan cikin jirgin, kada a ce ta cika rawar kai. In shef ɗin mai gwasalewa ce, shirun ya tabbata. Don haka ma'aunin tsohon hannu na gari, a wurina, har da wannan: shin yaran da ke ƙarƙashinsa suna iya gaya masa abin da ba ya son ji? A taron minti goma ko sha biyar da suke yi kafin shiga jirgi ake gane haka, inda shef ke raba ƙofofi, ta yi wa kowa tambayar gaggawa, ta faɗi masu larura da yaran da ke tafiya su kaɗai.

Fasinja kuma ya sani cewa kwatancen da yake yi ba a fili ɗaya ake yin sa ba. A kamfanoni da yawa sabo a baya yake farawa, ɓangaren gama-gari, manya kuma suna gaba inda kujeru ba su da yawa. Babbar da ka gani a baya sau da yawa ita ke riƙe da madafa da lissafi da duk rigimar da ta fi ƙarfin yara, shi ya sa ba ka ganinta sai lokacin hani. Jirage da dama suna barin Yamai ne da tsakar dare ko goshin asuba, wasu kuma sun biyo ta wani birni kafin su iso, kamar Wagadugu. Ma'aikacin da ya tarbe ka ƙarfe biyu na dare wataƙila yana awa ta tara a tsaye. Dokar Turai ta ba da damar wunin aiki ya kai awa 13, da awa 900 na tashi a shekara. Jikin ɗan shekara 23 da na ɗan shekara 50 ba sa ɗaukar wannan daidai, kuma fuska ce ke fara nunawa.

Kamfanoni sun san duk wannan, amma lissafin kuɗi na jan su wani gefen. Sabo albashinsa kaɗan ne, kwantiraginsa gajere, ba ya musu, hotonsa ya fi kyau a talla. Da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020, an sallami ma'aikata da yawa a duniya, manya da dama suka tafi ba su dawo ba, da kasuwa ta farfaɗo aka ɗebi sababbi da yawa a lokaci guda. A dokar Turai shekara ɗaya ta aiki da wani kwas sun isa a naɗa mutum shef. Wannan mafi ƙarancin sharaɗi ne, amma mai neman araha yakan mayar da shi ma'auni. Yankinmu kuma ya taɓa yin asarar da ba a cika ambato ba. Air Afrique, da ƙasashe goma sha ɗaya har da Nijar suka kafa a 1961, ta yi shekara arba'in tana tara mutanen da suka san fasinjan Sahel ciki da bai. Da ta rushe suka watse. ASKY ba ta fara tashi daga Lome ba sai 2010, Air Côte d'Ivoire sai 2012, dole aka sake ginin daga tushe. Ethiopian Airlines, da ke tashi tun 1946 kuma take da makarantarta a Adis Ababa, ba ta taɓa samun irin wannan yankewar ba, gwaninta na gangarowa daga hannu zuwa hannu. A nan Yamai muna da makarantar EAMAC da ke horar da masu kula da zirga-zirgar sama da masana yanayi na ƙasashe da yawa, abin alfahari ne, amma ɓangaren ma'aikatan ciki bai samu irin wannan kulawa daga gare mu ba.

Abin da nake ganin ya dace a nema ba shi da tsada. Kowane jirgi ya kasance da gogagge a gaba da gogagge a baya, kada a tara sababbi zalla a madafar baya inda fasinja suka fi yawa kuma shef ba ta gani. Sabo ya yi watanninsa na farko kafaɗa da kafaɗa da mutum ɗaya da ke da alhakin koya masa, a kuma biya mai koyarwar. Tsoho kuma a riƙa hawa jirginsa ba sanarwa ana duba ko har yanzu yana taɓa abin da ya ce ya duba, a kuma ɗauki ƙorafin raini da nauyin da ake ɗaukar kuskuren ƙofa. Hukumar ANAC, mai kula da sufurin jiragen sama a Nijar, na da hurumin duba takardun horo da awannin hutu. Hukumar COHO kuwa, tunda ita ke tsara jigilar alhazai, tana iya sa sharaɗi a rubuce cikin yarjejeniya: shef da mataimakinta su zama waɗanda suka taɓa yin jigilar hajji, kuma kowane ɓangare na jirgi ya samu aƙalla mutum ɗaya mai jin Hausa da mai jin Zabarmanci, da mai Fulatanci ko Tamajak in tawagar ta buƙata. In kamfanin ba shi da su, a ɗauki tafintoci ƴan ƙasa, a ba su horon ƴan kwanaki kan bel da abin shaƙar oksijin da ban ɗaki da kalmomin umarnin fita, a zaunar da su kusa da ma'aikatan da ke riƙe da ƙofofi.